Matan Tsofaffin Wasannin Talabijin: Da Wace Tiya Za Mu Auna Su?

A hutun damina da ya wuce, wata Juma'a bayan la'asar, ƙanena ya zo gidana a unguwar Zariya ta Maraɗi domin gaida mahaifiyarmu, wadda ta zo mana kwana biyu daga Tibiri. Muna zaune a tsakar gida sai ya miƙo mini wayarsa, ya ce in ga abin da ke yawo a WhatsApp. Guntun wani tsohon wasan kwaikwayo ne na talabijin, bai fi minti shida ba. Hoton ya dushe, muryar tana shaƙewa, da gani daga tsohon kaset aka kwafo shi.

Maigida ya dawo daga kasuwa ya tarar ba a ɗora tukunya ba. Uwargida ta ce ai girkin amarya ne. Amarya ta ce kuɗin cefanen da ya bari ko daddawa ba za su saya ba, kuma ba a tuƙa tuwo da fatar baki. Ya tuɓe takalmi ya bi ta, ta zagaye turmi, ya yi tuntuɓe da taɓarya ya faɗi wanwar, rawani ya warware. Da ya tashi ya cim mata a bakin ɗaki ya kai mata duka, ta ƙwalla ihu. Daga ƙarshe aka kira wani dattijon unguwa ya yi nasiha, matan biyu suka durƙusa suka ba maigida haƙuri.

Ni dai na yi dariya har da riƙe ciki, domin wasan ya mayar da ni shekara talatin da ɗoriya baya. Ƴata ta fari, wadda ke ajin ƙarshe a lise, tana leƙowa ta kafaɗata, ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, ina abin dariya a nan? Shi ya hana kuɗin cefane, shi ya yi duka, kuma ita ce ta durƙusa." Kafin in sami amsa ƙanena ya karɓe: "Ni, Yaya, ba wannan ya dame ni ba. Dubi matan nan, ba hijabi, suna ɗaga wa miji murya duniya na kallo. Wai da irin wannan aka rene mu." Mahaifiyarmu ba ta tanka wa kowa ba. Ta ce dai a maido mata wurin da rawanin ya warware, ta sake kallo, ta yi dariyarta.

Hukunci biyu ke nan a tsakar gida ɗaya, duka na mutanen yau, kuma sun ba juna baya. Ɗaya ta ce wasan ya wulaƙanta mata, ɗaya ya ce wasan ya sakar wa mata linzami. Tun da wayoyi suka tono tsofaffin wasanni suka zuba su a hannun yara, kowane uba da kowane malami zai gamu da irin wannan. Amsa mafi sauƙi ita ce a ce zamaninsu ne, a ƙyale su. Mai bi mata a sauƙi ita ce a ce jahilci ne, a share. Duka biyun ba su ishe ni ba, shi ya sa na koma na bi tarihin abin, daga baya kuma na koma wurin wadda ta yi shiru.

Talabijin ta shigo Nijar a 1964, kuma ba don nishaɗi ta shigo ba. Ta makaranta ce, da tallafin Faransa, ana ba yaran firamare darasi ta akwati a wasu azuzuwa na Yamai da kewayenta. Sai a ƙarshen shekarun 1970, zamanin Seyni Kunce, lokacin da kuɗin yuraniyom ke shigowa, aka mayar da ita Télé Sahel ta kowa da kowa. Ƴan ƙalilan ne ke da akwati a gida, don haka gwamnati ta rarraba akwatunan kallon jama'a a garuruwa, da yawansu masu aiki da hasken rana. A Tibiri, inda na tashi, bayan sallar isha'i ake fito da akwatin a ɗora a kan tebur. Mu yara muna gaba cikin rairayi, maza a kan tabarmi da benci, mata can baya a tsaye, wasu da goyo. Mai karatu ya riƙe wannan tsarin zama, zan dawo kansa.

Su wa ke yin wasannin? Bayan juyin mulkin 1974 Kunce ya farfaɗo da samariya, kuma daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, na farko a Damagaram, inda kowace jaha ke kawo waƙa da rawa da wasan kwaikwayo a yi gasa. A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar Yazi Dogo ta Damagaram ta zama abin kallon ƙasa baki ɗaya. Yazi Dogo malamin makaranta ne kamar mu, kuma da yawa cikin abokan wasansa ma'aikata ne da ke taruwa bayan an tashi aiki. Wata Ba'amurkiya, Janet Beik, ta zauna da ƴan wasan ta fitar da littafi a 1987, inda ta nuna cewa ba rubutaccen wasa suke haddacewa ba. Ana tsara ƙashin labari ne, a raba matsayi, sauran magana kowa ya ƙago tasa a fili. Wannan ba ƙaramin bayani ba ne, domin yana nufin baƙar maganar da mace ke yaɓa wa maigida a irin waɗannan wasanni, sau da yawa daga cikin ƴar wasan ta fito, ba wani namiji ya sa mata a baki ba.

Akwai kuma abin da ke shigo mana daga kudu. Katsina ba ta kai kilomita 100 daga Maraɗi ba, masu doguwar eriya na kamo tashoshin Najeriya, daga baya kuma kaset ɗin bidiyo ya cike giɓin. Ta nan muka san Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi da Karambana na Ƙasimu Yero, duka daga Kaduna, da Karkuzu daga Jos, da Golobo daga Sakkwato. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja a 2023, Allah ya jiƙansu. A mafi yawan waɗannan shekaru sojoji ke mulkin ƙasashen biyu, tashoshin kuma na gwamnati ne. Ana iya taɓa ɗan kwangila, ko ƙaramin ma'aikaci mai cin hanci, ko malamin tsibbu, amma ba a taɓa na sama. A ganina wannan na cikin dalilan da suka sa tsakar gida ta zama babban dandalin barkwanci. Nan ne za a nuna mai iko yana rowa, yana ƙarya, yana faɗuwa rawani na warwarewa, kuma ɗan wasa ya kwana a gidansa, ba a hannun jandarma ba.

Matan da ke cikin wasannin kusan iri biyar ne, ana ta juya su: uwargida mai mita, amarya mai kwaɗayi, uwar miji mai sa ido, tsohuwa mai kai gulma gida-gida, da bazawara mai wayo da ke tatsar alhazai. Sai ta shida, ƴar lakwal mai siket da jakar hannu, wadda ba ta iya tuƙa tuwo ba, kuma tana amsa wa surukarta da Faransanci, ko da Turanci in wasan na Najeriya ne. Mafi yawansu ba talabijin ta ƙirƙiro su ba. Suna cikin tatsuniya. Suna cikin tashe, inda ƴan mata ke kwaikwayon zaman aure a wasan Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji. Suna cikin littattafan wasa na farko, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, inda attajiri ya auri karuwa ta raba shi da iyalinsa da dukiyarsa. Mazan ma ba su tsira ba, akwai alhaji mai auri-saki, da marowaci, da mijin-ta-ce. Sai dai namiji yana da wasu sana'o'in a wasa, yana iya zama soja ko alƙali ko direba. Mace kuwa kusan kullum matar wani ce, ko mai neman zama matar wani.

To, a ina ƴata ta yi gaskiya? A wuri uku, kuma ba zan rage mata ko ɗaya ba. Na farko shi ne duka. An shirya shi yadda zai ba da dariya, da gudu da tuntuɓe da ihu, har yaro ya tashi da ganin cewa mari wani ɓangare ne na zaman aure kamar cefane. Ni kaina na tashi da wannan gani, kuma na daɗe kafin in zubar da shi. Na biyu shi ne ƙarshen wasa. Komai kaifin bakin mace a tsakiya, sulhun iri ɗaya ne: dattijo ya yi magana, ita ta durƙusa. A yi minti biyar ana nuna laifin maigida, a na shida a ɗora mata ba da haƙuri.

Na uku shi ne ƴar lakwal, kuma shi ya fi yi mini ciwo a matsayina na malami. A farkon aikina na koyar shekara huɗu a Jiratawa. Kowace shekara, daga aji huɗu zuwa aji shida, sai in ga bencin ƴan mata yana ta zama wayam. Wata rana na bi sawun yarinyar da ta fi kowa lissafi a ajina. Mahaifinta ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka dama mini fura, sannan ya ce, "Mushe, ai mun ga yadda ƴan lakwal ke yi wa mazansu a tele." Ba na cewa wasa ne ya cire yarinyar daga aji. Talauci da tsoron abin kunya sun fi wasa nauyi nesa ba kusa ba. Amma wasan ya ba shi hoton da zai nuna mini, ni kuma a lokacin ban da wani hoton da zan nuna masa. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18, jahar Maraɗi kuma tana sahun gaba. A ƙasar da abin yake haka, mayar da yarinya mai karatu abin dariya ba wasa ba ne.

Matan da suka yi wasan ma sun biya kuɗin da maza ba su biya ba. Misalin da aka fi sani daga silima yake, ba talabijin ba, amma ciwon ɗaya ne. Zalika Souley ta fara fitowa a fim ɗin Moustapha Alassane a 1966, ta yi ta fitowa a matsayin mace mai kishi ko mai zaman kanta, jama'a kuma suka kasa raba ta da matan da take kwaikwayo. Fim ɗin da Rahmatou Keïta ta yi a kan rayuwarta, wanda ya fito a 2004, ya nuna ta cikin talauci a Yamai bayan duk wannan suna. Ta rasu a 2021. Namiji ya yi ɓarawo a wasa a ce ya iya, mace ta yi karuwa a wasa a ce halinta ne.

Sai wani ya ce ai zamaninsu ne, ba su san wani ma'auni ba. Wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba, domin mutanen zamanin da kansu sun ƙaryata ta. A 1968 aka buga Uwar Gulma na Mohammed Sada a Zariya, kuma duk wanda ya karanta ya san ba Halima aka ɗora wa laifi ba, mijinta Hayatu ne, mai yawon dare da duka. A 1972 fim ɗin Oumarou Ganda, Le Wazzou polygame, wanda ya soki alhajin da ya ɗauki yarinya ta uku da ƙarfin kuɗi alhali tana da wanda take so, ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu. A 1975 aka kafa ƙungiyar matan Nijar, AFN. Ƙungiyoyin wasan da ke ba mu dariya da kishiyoyi su ne kuma suka yi wasanni a kan auren dole da tsadar aure. Ranar 13 ga Mayun 1991 dubban mata suka yi tattaki a Yamai saboda mace ɗaya tak aka sa a kwamitin shirya babban taron ƙasa, har sai da aka ƙara yawansu, kuma wannan rana ce ta zama ranar matan Nijar. Matan da suka yi tattakin, su ne ƴan kallon waɗancan wasanni. Ta fuskar addini ma ba sabon abu ba ne. Fiye da shekara 200 ke nan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki, a cikin Nurul Albab, mazan da ke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, kuma alƙalan Malikiyya sun daɗe suna raba aure saboda cutarwa. Tiyar tana nan tun da, ba kowa ke auna da ita ba ne.

Amma akwai kuskuren da ƴata da ƙanena suka yi tarayya a kai ba su sani ba. Dukansu sun ɗauka tarihi miƙaƙƙiyar hanya ce daga duhu zuwa haske, bambancinsu kawai shi ne abin da kowa ke kira haske. Tarihin matan Maraɗi bai tafi haka ba. A fadar Maraɗi akwai Iya, a fadar Gobir ta Tibiri akwai Inna, ƴaƴan gidan sarauta, shugabannin mata da na bori, masu faɗa a ji a gaban sarki. Matan talakawa kuwa suna da gamanarsu, gonar da mace ke nomawa don kanta, abin da ta girbe nata ne. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi daga 1900 zuwa 1989, ta nuna cewa kulle ya yaɗu ne a cikin ƙarni na 20, ya bi arzikin gyaɗa da fataucin alhazai, ya zama alamar cewa miji ya isa. Wato abin da muke ɗauka al'adar kaka da kakanni, a gidaje da yawa bai girmi kakanninmu ba.

Jiratawa ta koya mini sauran. A farkon shekarun 1980 aka yi mata filin noman rani, aka raba wa magidanta, yau kuma zogalenta ya yi suna har Yamai. Amma jama'a sun ƙaru, ƙasa ba ta ƙaru ba. Masu bincike biyu, Marthe Diarra da Marie Monimart, sun yi aiki a can da wasu garuruwa a shekarun 2000, suka rubuta yadda ƙarancin ƙasa ke fitar da mata daga noma, abin da ake kira kullen gona: mace na iya zuwa rijiya da biki, gona ce kawai aka rufe mata. Na ga haka da idona. Kakannin ɗalibaina sun yi noma, iyayensu mata da yawa ba su da ko kunya ɗaya, abin da ya rage musu shi ne sana'ar cikin gida, wadda ƴar makaranta ce ke ɗaukar tallarta. A cikin birni kuma, a Nuwamban 2000, zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta rikiɗe a nan Maraɗi, aka auka wa mashaya da gidajen mata masu zaman kansu, har gidan Iya bai tsira ba. A cikin wannan shekarar ce kuma aka yi dokar da ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin 100 na kujerun zaɓe, wanda aka ɗaga zuwa kashi 25 a 2019. A zamani ɗaya an buɗe wa mace ƙofar majalisa, an rufe mata ta gona.

Da wannan a zuciya na sake kallon amaryar nan ta minti shida. Ta san farashin daddawa domin ita ke zuwa kasuwa. Ta gaya wa mijinta gaskiya a fuskarsa, a gaban kishiya, ba ta sunkuyar da kai ba. Daga yadda take magana ka san in abin ya ishe ta za ta yi yaji, kuma shi zai bi da biko. Ƴata tana da abin da wannan amarya ba ta taɓa mafarki ba, tana shirin bakaloriya. Amma a cikin ƴan matan da suka fara aji ɗaya tare da ita akwai waɗanda yau ba su da gona, ba su da takarda, ba su da bakin wannan amarya.

Shi kuwa ƙanena, na gaya masa abin da zan gaya wa duk mai irin ganinsa. Iyayenmu da kallabi da mayafi suka yi salla, suka yi azumi, suka je Makka. Dogon hijabin da muka sani yau ya yaɗu ne daga ƙarshen shekarun 1980, tare da wa'azin Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, da makarantun Islamiyya. Waɗannan makarantu sun yi abin a yaba, sun fito da matan aure zuwa karatu, matata ma a can ta sauke Alƙur'ani. Amma wanda ya dubi matan wancan wasa ya kira su marasa kunya saboda suturarsu, ya taɓa uwarsa bai sani ba.

Da dare, bayan kowa ya watse, na zauna kusa da tabarmar mahaifiyata na tambaye ta me ya sa ba ta ce komai ba. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari, sai dai Mushe. Ta ce, "Mushe, ku da ke gaba cikin rairai, mi kunka gani? Mu muna baya. In maigida ya hwaɗi, mu ka dariya har da shewa. In ya ɗaga hannu, maza ka dariya, mu sai tsaki. Kai dai ba ka taɓa waigowa ba." Na ce to durƙuson fa? Ta ce in ba su durƙusa ba ai ba za a bari a nuna wasan ba, kuma kowace mace a wurin ta san haka. Sannan ta ambaci wata maƙwabciyarmu ta da, wadda na sani da kunne ɗaya ba ya ji, ban taɓa tambayar dalili ba. Ta ce marin miji ne. Ta ce ita wannan ba ta zuwa kallo.

Na yi shiru. Matar da ke wannan magana ba ta taɓa shiga aji ba. Da man gyaɗa da ƙuli-ƙulin da take kaiwa kasuwar Tibiri, da geron gamanarta, ta saya mini littattafan rubutu har na shiga makarantar horon malamai. Hukuncin da ƴata ta yanke, wanda na ɗauka daga lise ta kwaso shi ko daga intanet, ashe yana tsaye a bayana tun ina cikin rairayi, da goyo a bayansa. Kaset ya adana wasan, bai adana tsakin ba. Idan muka ce mutanen da ba su ga laifin duka ba, mazan da ke kan benci kawai muka ƙirga.

Ba mu kaɗai ke wannan muhawara ba. A Amurka har yau ana gardama kan I Love Lucy, wasan barkwancin da aka yi daga 1951 zuwa 1957, inda matar gida ke ta ƙulle-ƙullen fita neman suna, miji kuma yana mayar da ita gida, wani lokaci har da duka. Amma Lucille Ball da ke wannan wasa ita ce ta zama shugabar kamfanin Desilu a 1962, mace ta farko da ta riƙe babban kamfanin shirye-shiryen talabijin a ƙasar. Abin da ke kan allo daban, abin da ke bayansa daban. A can, maganin da tashoshi suka samo shi ne liƙa gargaɗi a farkon tsofaffin finafinai. Mu muna da abin da ya fi gargaɗi, domin ƴan kallon farko suna nan da ransu, a ɗakunan bayan gidajenmu.

Shawarata ga ƴan'uwana malamai da iyaye ita ce kada mu hana yara kallon waɗannan wasanni, kada kuma mu kunna musu mu yi dariya mu tashi. A cikinsu akwai Hausar da ta fara ɓacewa, da sutura, da tsarin gida, da muryoyin matan da suka yi ƙarfin halin tsayawa gaban kyamara. Mu kalla tare, sannan mu yi tambaya. Wa ake yi wa dariya a nan, kuma wa ke dariyar? Wa ya yi laifi, wa ya ba da haƙuri? Me wannan mata take da shi da matan yau suka rasa, me kuma matan yau suke da shi da ita ta rasa? Tambaya ta ƙarshe ba a aji ake amsa ta ba. Na gwada da ƴan aji shida, na ce kowa ya je ya tambayi kakarsa ko wata tsohuwa a unguwa yadda suka kalli irin wannan wasa. Wani yaro ya dawo yana mamaki, wai ashe kakarsa ta taɓa mallakar gona da rumbu. Wata yarinya ta ce tata kakar sau uku tana gudu daga gidan da aka kai ta ba ta so, har aka haƙura. Babu littafin tarihin da ke hannunmu da ya ba su wannan darasi.

Kuma laifi tudu ne. Kafin mu gama da Yazi Dogo da Samanja, mu buɗe TikTok mu ga barkwancin da matasanmu ke yi yau. Uwargida mai mita tana nan, amarya mai kwaɗayi tana nan, marin ma yana nan, an dai ƙara masa sauti. Su na da suna da soja a kansu da tasha ɗaya tak. Na yau kuwa mu ne ke turawa gaba. Jikokinmu za su kalla, su tambayi ƴaƴanmu ko mun yi tsaki.

Ƙanena bai sauya ra'ayinsa kan hijabi ba, ban kuma nemi ya sauya ba, amma ya daina cewa marasa kunya. Ranar da mahaifiyata za ta koma Tibiri, ina gyaran takardu a zaure na ji tana kiran jikarta da sunan tsokanar da ta saba: "Ke kishiya, kawo tele ɗin nan taki ta hannu mu sake ganin alhajin." Ƴata ta kawo, ta kuma ari wayar uwarta ta kunna ɗaukar murya, ta ce tana so Kaka ta ba ta labarin kallon Tibiri daga farko. Na ji sun yi shewa wurin rawani. Da aka zo wurin dukan kuwa, tsaki biyu na ji a tare, na ajiye jan biro na leƙa.